Magana Zarar Bunu: Wayar Hannu, Faɗan Samari da Ɗaukar Alhaki a Ƙasar Kabi

1. Gabatarwa

Wanda duk ya ratsa unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi bayan sallar lisha, zai iske samari zaune gungu-gungu, waɗansu a bakin shagon mai cajin waya, waɗansu a teburin mai shayi, waɗansu kuwa a ƙofar gidan kallon ƙwallo. Zaman majalisa daɗaɗɗen abu ne a wannan unguwa, wadda ta kafu a gefen tsohon gari. Abin da ya sake shi ne, a da in an zauna ido yana duban ido, yau kuwa rabin 'yan majalisar sun sunkuyar da kai bisa wayar hannu, suna zance da waɗanda ba su wurin. Yawanci zancen nan bai wuce gaisuwa da raha da musun ƙwallo ba. Amma a biranen Arewa an sha ganin ranar da kalma guda za ta fita daga wata waya da tsakar dare, kafin azahar ta yi an fasa wa wani yaro kai.

Nufin wannan takarda shi ne a dubi al'amarin ta fuskar ilmin harshe, domin faɗan samari da wuya ya soma da sanda. Da baki yake somawa. Za a bayyana irin shingayen da Hausawa suka gitta wa zazzafar magana tun fil azal, da yadda waya ta tsallake su, sa'an nan a nuna hanyoyin da nahawun Hausa yake ba mai laifi na zame wuyansa daga alhaki. Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi cancanta su lura da wannan, gama ɗaliban da ke gabansu samari ne a yau, gobe kuma su za a danƙa wa 'ya'yan jama'a.

2. Zafafan maganganu da shingayensu

Bahaushe bai taɓa rasa hanyar sukar abokin hamayya da baki ba, har ma ya ba kowace hanya sunanta, kamar yadda ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara. Zambo shi ne a siffanta mutum da muni, a ƙara gishiri, har masu sauraro su gane shi su yi dariya. Aikin makaɗa da maroƙa ne, sukan yi shi ga mai ja da ubangidansu. Habaici kuwa ba ya kama suna. Akan jefa maganar a sarari, wanda ya tsargu da shi ake, shi ya sa aka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gugar zana ita ce a yi magana da wani alhali kuwa da na kusa da shi ake. Gatse shi ne a faɗi abu ana nufin kishiyarsa. Kirari shi ne mutum ya koɗa kansa a gaban maza, ya ƙalubalanci wanda ya isa. Akwai kuma ba'a irin ta taubasai da ta garuruwa, kamar wadda ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari. Can ƙarshen layi ne zagi da ashar suke.

Duk da yawan waɗannan makamai, ba kullum suke jawo jini ba, saboda an kewaye su da shingaye huɗu.

Na fari shi ne ido. Mai magana yana ganin fuskar wanda yake suka, yana kuma ganin fuskokin masu sauraro. Da ya ga ran mutum ya soma ɓaci ƙwarai, sai ya sassauta ko ya mai da abin wasa. Hausawa sun ce kunya a ido take.

Na biyu shi ne dangantaka da fage. Abin da Bakabe zai gaya wa Bakatsine a yi dariya, in ya gaya wa wani daban sai an kai ga alƙali. Abin da jika zai gaya wa kakarsa ba ya gaya wa uwarsa. Kirarin da ɗan dambe zai yi a fage, in ya yi shi a ƙofar gidan mutane ya zama neman faɗa.

Na uku shi ne mai rabawa. A dandali akwai sarkin samari, a unguwa akwai mai unguwa da dattawan zaure, a fagen dambe akwai alƙalin wasa. Dambe ma ya isa misali. Mahauta ne suka shahara da shi, akan yi shi da kaka, kowa ya naɗe hannu guda da zare, a yi turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi. Ga kalmar kisa, amma wanda aka kashe ɗin yakan tashi ya kaɗe ƙura ya koma gida. Watau al'ada ta ba ƙarfin samartaka mafita, ta kuma yanka masa iyaka. Haka abin yake a kokawa, wadda ƙasar Arewa da Dandi suka yi suna a kanta, haka kuma a bikin su na Argungu, inda dubban majiya ƙarfi sukan jeru a gaɓar Matan Fada da homa da gora, babu mai tsoma ƙafa a ruwa sai an ba da alama.

Na huɗu shi ne gushewa. Maganar baka iska take bi. Bayan kwana uku babu mai iya maimaita ta kalma da kalma, sai dattijo ya sami sararin cewa, "Ai ba haka yake nufi ba," a yi sulhu. Mantuwa tana cikin kayan aikin masu sasantawa.

Kada a zaci waɗannan shingaye sun tsaya daram har ranar da waya ta zo. Tun cikin shekarun 1950, sa'ad da hamayya ta yi tsanani tsakanin NEPU da NPC, zambo ya fita daga fada ya hau dandalin siyasa, aka kuma soma ɗaukar samari su zama 'yan banga. Kalmar daba, wadda asalinta matattarar 'yan farauta ce, ta koma sunan gungun masu ɗauke da makami a Kano. Daga baya kowane gari ya sami nasa suna: ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauci, kalare a Gombe, 'yan shila a Yola. Rashin aikin yi da shaye-shaye da kuɗin 'yan siyasa duk sun riga waya zuwa. Waya ta iske wuta tana ci, ta zame mata iska.

3. Abin da waya ta sauya

Wayar hannu ta soma yaɗuwa a Nijeriya a 2001. An kafa Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, sa'an nan TikTok ya biyo baya. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, yaron da ubansa bai taɓa aika wasiƙa ba ya sami ikon yi wa mutum dubu magana a lokaci guda yana kwance bisa tabarma. In aka bi shingayen nan huɗu ɗaya-ɗaya, za a ga babu wanda ya tsira.

Ido ya kau. Mai rubutu ba ya ganin hawayen wanda ya zaga, wani lokaci ma da sunan aro yake rubutun. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Suler, ya bayyana a 2004 cewa ɓoyon suna da rashin ganin juna da jinkirin amsa sukan kwance wa mutum linzami a intanet, har ya faɗi abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba. Karin maganar Hausa ta riga shi gane haka, shi dai ya bi abin daki-daki.

Fage ya rushe. Ba'ar da aka yi tsakanin abokai biyar, da an ɗauki hoton rubutun an tura, sai ta faɗa hannun wanda bai san akwai wasa tsakaninsu ba. Rubutu kuma ba ya ɗauke da murmushi ko karin murya, saboda haka gatse yakan koma zance na gaske. Habaici ma ya rasa babbar fa'idarsa, watau ƙofar tsira da yake bar wa kowane ɓangare. Yarinya ta ɗora habaici a shafinta ba ta kama suna ba, nan da nan sai wani ɗan ba-ni-na-iya ya rubuta sunan wadda ake nufi a ƙarƙashi. Shi ke nan, habaici ya zama zagi a bainar jama'a, wadda aka ambata kuwa ba ta da sauran damar yin kamar ba ta ji ba.

Mai rabawa ba ya nan. Zauren WhatsApp na 'yan aji ko na 'yan unguwa sa'o'in juna ne zalla. Dattijo bai san da shi ba, balle ya tsawata. Shugaban zauren yaro ne kamarsu, yana kuma tsoron a ce ya ɗauki ɓangare. Ga shi kuwa masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna sashen gabanta, wanda yake auna sakamako ya danne fushi, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara ashirin da 'yan kai, kuma saurayi ya fi yin kasada in ya san tsaransa suna kallo. A waya kullum suna kallo.

Gushewa ta ƙare. Saƙon murya shi ya fi kowane shiga jinin Hausawa, domin ba ya bukatar iya boko. Amma yana adana muryar mutum da karin harshensa da zafin ransa na wannan minti. Wanda ya ce "mi kac ce" ba zai iya cewa Bakano ne ya yi maganar ba. Ana iya saurarensa sau ɗari, kowane sauraro kuwa yana sabunta fushi. Kakanni sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ga bunun da aka zara ya sami inda za a ajiye shi, a riƙa nuna wa duk wanda ya zo.

4. Abin da ya auku a Sakkwato

Misalin da ya fi kusa da ƙasar Kabi, ya kuma fi taɓa malaman kwaleji, shi ne na ranar 12 ga Mayu, 2022, a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. Wata ɗaliba ta aika saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, waɗansu suka ɗauke shi ɓatanci ne ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Saƙon ya fita daga zauren ya kewaya. Taron samari ya auka mata a cikin harabar makarantar, aka jefe ta, aka ƙone gawar, aka kuma ɗauki hoton bidiyo aka watsa. Hukuma ta rufe kwalejin a ranar. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, ta nemi a gurfanar da masu hannu a ciki. 'Yan sanda suka kama mutum biyu. Ranar 14 ga wata zanga-zangar neman a sake su ta rikiɗe tarzoma, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24 a cikin birnin.

Auna abin da saƙon ya ƙunsa aikin malaman shari'a ne da alƙalai, kuma malaman fiƙihu sun ajiye zartar da hukunci a hannun shugaba da alƙalinsa, ba su bar wa taron jama'a ba. Abin lura a nan shi ne hanyar da maganar ta bi. An yi ta a wani fage, aka saurare ta a wani. Kafin wani babba mai faɗa a ji ya sami labari, ɗaruruwa sun riga sun ji. Tsakanin furuci da kisa kuwa akwai hannuwa da yawa: wanda ya fara fitar da saƙon, wanda ya ƙara masa bayani, wanda ya ce a taru, wanda ya nuna wuri, wanda ya ɗaga waya yana ɗauka.

Ba Hausawa kaɗai abin ya shafa ba. A Indiya, cikin 2017 da 2018, jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa taron jama'a sun kashe baƙi da dama waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan ya sa kamfanin ya soma sa alama a kan saƙon da aka turo, ya kuma taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018, a sauran duniya a Janairun 2019. Kamfanin da kansa ya gane mai turawa yana da rabo a cikin ɓarna.

5. Nahawun zame wuya

Wanda ya taɓa zama a kwamitin ladabtarwa na makaranta ya san irin Hausar da yaro yake yi in an tsare shi. Ba lalle ya yi ƙarya ba. Harshen ne ya tanadi waɗansu sigogi da za a faɗi gaskiyar abin da ya auku, a kuma share wanda ya aikata. Guda biyar sun fi yawa.

Ta farko ita ce lamirin nan da ba ya fayyace mai aiki, watau an, aka, ana, ake, akan, za a. A gwada waɗannan:

(1) Na tura hoton a zaure.
(2) An tura hoton a zaure.

Duka biyun labari ɗaya suke bayarwa, amma a ta biyu babu wanda za a kama. Wannan lamiri yana da aiki mai kyau a cikin ladabi, kamar a ce wa babba "An dawo lafiya?" ko mace ta kauce wa sunan mijinta. Sigar da kunya ta haifa ita ce mai laifi yake fakewa a bayanta.

Ta biyu ita ce aikatau mai ƙarewa da wasalin -u, wanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai cikin rabon da ya yi wa aikatan Hausa a 1960:

(3) Mun yaɗa maganar.
(4) Maganar ta yaɗu.

A (4) maganar ce ta hau kujerar aikau, kamar tana da ƙafafu. Haka hoto ya watsu, jama'a ta taru, abu ya faru. Kalmomin faru da auku ma kansu 'yan wannan aji ne, shi ya sa "abin da ya faru" ya fi "abin da muka yi" sauƙin faɗa.

Ta uku ita ce a ba abu maras rai aikin mai rai:

(5) Na soke shi da wuƙa.
(6) Wuƙa ta same shi.

Daga nan ne ake samun faɗa ya ɓarke, rikici ya tashi, baki ya suɓuce, zuciya ta ɗebe ni. A jimla ta ƙarshe mai dukan ya koma karɓau, watau shi ma abin tausayi ne.

Ta huɗu ita ce wai, da 'yan'uwanta an ce da na ji ana cewa. Aikin wai shi ne ta nuna mai magana bai ɗauki nauyin gaskiyar zancen ba. A waya ta sami sabuwar riga: "Kamar yadda aka turo mini." Mai turawa yana jin wannan jimla ta wanke shi, alhali kuwa mutum hamsin da suka karanta daga wayarsa suka karanta, sun kuma gaskata ne don sun san shi.

Ta biyar kalmomi ne, ba sigar jimla ba: tsautsayi, ƙaddara, sharrin Shaiɗan, zugar abokai, ƙuruciya. Kowace tana da muhallinta na gaskiya. Tsautsayi shi ne abin da ya sami mutum ba da shirinsa ba. Wanda ya kwana yana wasa wuƙa, ya rubuta wa abokin gaba "mu haɗu bayan makaranta," ba shi da hakkin aron wannan kalma.

Wani masanin falsafar harshe na Ingila, J. L. Austin, ya nuna a laccocin da ya yi a Harvard a 1955, waɗanda aka buga a 1962, cewa akwai furucin da shi kansa aiki ne, kamar alkawari da rantsuwa da umurni. Bahaushe bai bukaci dogon bayani a nan ba, gama ya san da furuci ake ɗaura aure, da furuci ake sakinsa, ya kuma ce abin da baki ya ɗaure hannu ba ya kwancewa. Saboda haka wanda ya rubuta "a nemo shi" a zauren mutum ɗari biyu ya ba da umurni, ko da bai bar ɗakinsa ba. Uzurin "ai magana kawai na yi" ba ya tsayawa a ma'aunin ilmin harshe.

6. Wa ke ɗauke da alhaki?

Kalmar alhaki daga Larabci take, tushensu ɗaya da hakki. Amma Hausa ta ba ta wata ma'ana ta musamman, watau nauyin cutar da aka yi wa wani, wanda yake bin mai cutar har ya same shi. An ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ba a ce yana bin taro ba.

Shari'ar Musulunci, wadda Jihar Kebbi ta ɗauki dokokinta na laifuffuka a shekara ta 2000, ta rataya hukunci ga balaga da hankali; a mazhabar Malikiyya in alamun balaga ba su bayyana ba, akan ƙidaya shekara 18. Ta kuma ɗauki laifin harshe da nauyi, har ta yanka wa ƙazafi bulala 80. Dokar Final Kod ta 1959, wadda dokokin jihohin Arewa suka tsiro daga gare ta, ta ce a sashe na 50 yaron da bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi, haka wanda ke tsakanin 7 da 12 in hankalinsa bai kai ya gane sakamakon aikinsa ba. Sashe na 79 kuwa ya ce in mutane da yawa suka aikata laifi da niyya guda, kowannensu yana ɗauke da shi kamar shi kaɗai ya yi. Wannan sashe shi ne amsar da doka ta ba jimlar "an yi." Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ga mai aika saƙon tsoratarwa ko cin zarafi; an yi wa sashen gyara a 2024, aka rage faɗinsa, bayan an daɗe ana kukan ana amfani da shi a kan 'yan jarida. Kotuna ma sun soma taɓa masu wasa da waya: a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon TikTok da aka ce ya ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin.

Bisa ga wannan, ɗan shekara 16 da ya san ya ɓoye wayarsa in ubansa ya shigo ya riga ya san abin da yake yi ba daidai ba ne. Ƙuruciya takan sa a sassauta horo, a fifita gyara bisa ramuwa, amma ba ta mai da aikin ya zama na wani. In aka ce wa saurayi laifin waya ne, ko na talauci, ko na zamani, an koya masa jimla ta (4) da ta (6) ke nan.

Wannan kuwa bai wanke manya ba. Uban da ya saya wa ɗansa waya bai taɓa tambayar abin da ke cikinta ba, da ɗan siyasar da yake biyan yara su zagi abokin hamayyarsa a Facebook, da mai wa'azin da yake zafafa murya don a yawaita turawa, da kamfanin da ribarsa take ƙaruwa in fushi ya ƙaru, kowa da nasa kwikwiyo. Alhaki ba tuwo ba ne da rabon wani zai rage na wani. Waɗansu ƙasashe sun bi ta hanyar hani: a Nuwamban 2024 majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafi a manyan dandalin sada zumunta. Ko da irin wannan doka za ta yi aiki a can, a gidan da yara huɗu suke karɓa-karɓar wayar uwarsu da wuya ta hana kome.

7. Abin da ya rage ga malamin Hausa

A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halayen da Hausawa suke auna mutum da su, cikinsu har da gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Kusan dukansu an saba koyonsu ne a gaban mutane. Aikin da ya faɗo wa wannan zamani shi ne a koya wa yaro ya riƙe su a inda babu mai ganinsa. Malamin Hausa yana da hanyoyin da ba su bukatar kuɗi ko sabuwar manhaja.

In ana darasin lamiri da azuzuwan aikatau, sai a ba ɗalibai labarin wani faɗa da aka rubuta da an da aka da ta yaɗu, a ce su sake rubuta shi, kowace jimla da mai aikinta. Za su ga da idonsu yadda mutane suke fitowa daga inda suka ɓuya. In ana darasin adabin baka, kada a tsaya ga ma'anar zambo da habaici. A bayyana wa ya halatta ya yi su, ga wa, a ina, wa kuma yake tsawatawa, sa'an nan a tambayi ɗalibai wanne daga cikin sharuɗɗan nan yake cika a zaurensu na waya. In ana darasin insha'i, a sa su rubuta takardar ban haƙuri wadda ba ta da "in an ɓata wa wani rai," sai dai "na faɗi kaza, na yi kuskure." Kwamitin ladabtarwa kuma ya riƙa kiran wanda ya tura da wanda ya ɗauki hoto tare da wanda ya yi duka. A Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, da sauran makarantun da ke horar da malamai a kwarin Rima, ana iya sa kowane zauren aji ya kasance da malami guda da ɗalibai suka yarda da shi, wanda za a kai wa ƙara tun magana ba ta fita waje ba. Wannan shi ne mayar da mai rabawa fage.

Tarihin ƙasar nan ma yana da abin da zai koyar. Tun da Birnin Kebbi ya faɗi a hannun masu jihadi a 1805, Kabawa da Gwandu da Sakkwato suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gaba, in aka ɗebe 'yan shekarun Lafiyar Toga. Abin da ake tunawa da shi a matsayin rufe wannan babi shi ne ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda aka shirya masa bikin su dominta. Ya taka da ƙafarsa ya je, aka ga juna, bikin kuma ya ɗore har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Gabar da ta fi shekara ɗari ta mutu ne da zama ido da ido. Saboda haka in saɓani ya taso a waya tsakanin yaran Nasarawa da na wata unguwa, matakin farko shi ne a fitar da shi daga waya, a zaunar da su a zaure guda gaban wanda suke jin nauyi, a sa kowa ya maimaita abin da ya rubuta da bakinsa, ya kuma fara jimlarsa da "na."